Babi na Shida: Ciwon da Ake Samowa a Gadon Asibiti

Idan rashin lafiya ya kama mutum a Tukur-Tukur, cikin Zariya, har ya fi ƙarfin kemis, hanyoyin da iyalinsa za su bi sanannu ne. Ko a tsallaka tsohon asibiti na Tudun Wada, ko a nufi asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, ko a miƙe Wusasa. In abin ya yi tsanani kuwa, sai a ɗauki hanyar Samaru har Shika, inda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ya koma a 2005. Ta fuskar asibitoci da ƙwararrun likitoci, garuruwa kaɗan ne a Arewa suka kama ƙafar Zariya. Duk da haka akwai maganganun da kunnenmu ya saba ji daga bakin masu dawowa daga dubiya, a nan da ko'ina cikin ƙasar nan. "Aiki dai ya yi kyau, ɗinkin ne ya yi ruwa." "Ta sami sauƙi har ana maganar sallama, sai zazzaɓi ya rufe ta." "Yaron lafiya lau aka haife shi, kwana uku ya ƙi kama nono."

Sau da yawa waɗannan maganganu labarin abu guda suke bayarwa: ciwon da mutum bai zo da shi daga gida ba, a asibiti ya same shi. Ka'idar da likitoci ke bi ita ce, cutar da ta bayyana bayan awa 48 da kwantar da mutum, alhali babu alamarta ranar da ya zo, ana lissafa ta cikin cututtukan asibiti. Haka ma wurin tiyata da ya ruɓe cikin kwana 30 da yin aiki, ko da an riga an koma gida.

A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022, cikin kowane mutum 100 da aka kwantar a asibitocin ƙasashe masu arziki, 7 kan kamu da irin wannan ciwo. A ƙasashe irin namu adadin 15 ne. Kusan ɗaya cikin goma na waɗanda suka kamu ba sa tashi. Hukumar ta kuma ce a Afirka, cikin mata biyar da aka yi wa aiki aka ciro jariri, yakan kai ɗaya da ɗinkinta ke ruɓewa. Amma adadin da ya fi cancanta mu riƙe shi ne wannan: tsaftar hannu da sauran matakai marasa tsada na iya hana kashi 70 cikin 100 na waɗannan cututtuka. Ke nan mafi yawan wannan asara ta lafiya da dukiya da rai abu ne da ake iya tarewa.

Ƙofofin da magani ke buɗewa

Bazazzage ba ya bukatar a yi masa dogon bayanin amfanin ganuwa. Magabata sun kewaye birni da ita, suka bar ƙofofi ƙidayayyu, irin su Ƙofar Doka da Ƙofar Kuyambana da Ƙofar Gayan, kowace da mai tsaronta. Fatar mutum ita ce ganuwarsa. Ƙwayoyin cuta na zaune a kanta dare da rana ba su sami hanyar shiga ba. Aikin asibiti kuwa ba ya yiwuwa sai an huda wannan ganuwa, kuma duk ƙofar da aka buɗe don magani ya shiga, cuta ma na iya bi ta nan in babu tsaro.

Ta farko ita ce wurin yanka. Ta biyu allurar ƙarin ruwa da ake bari a jijiya, wadda ke kai duk abin da ya hau kanta kai tsaye cikin jini. Ta uku robar fitsari: kowace rana da ta ƙara a jiki, haɗarin ƙwayoyin cuta su hau ta su kai mafitsara na ƙaruwa. Ta huɗu huhu, musamman ga wanda ya daɗe kwance ba ya motsi, ko wanda na'ura ke taya shi numfashi. Ga jariri akwai ta biyar, wato cibiya, wadda ɗanyen rauni ne har sai ta faɗi ta warke. Shi ya sa hukumomin lafiya a Nijeriya suka amince da man chlorhexidine a matsayin abin shafa wa cibiya, maimakon toka ko man goge baki ko gashi da tsumma mai zafi.

A tara waɗannan ƙofofi a ɗaki guda mai gado ashirin ko talatin, kowane gado da mai rauninsa, wani na tari, wani na gudawa, wani ƙafarsa na zubar da mugunya. Sauran tambaya ɗaya: me ke ɗauko cutar daga wannan gado ya kai ta wancan?

Ta hannu take bi

Wani likita ɗan ƙasar Hangari, Ignaz Semmelweis, ya gano amsar a babban asibitin birnin Biyana a 1847. Asibitin na da ɗakunan haihuwa biyu. A wanda likitoci da ɗalibansu ke karɓar haihuwa, zazzaɓin bayan haihuwa na kashe mata ninkin ba ninkin na ɗakin ungozomomi. Sai wani abokin aikinsa ya yanke da wuƙa a wurin binciken gawa, ya rasu da alamomi irin na matan nan. Nan Semmelweis ya fahimci cewa likitoci na fitowa daga ɗakin gawa su shiga ɗakin haihuwa da abin da ke hannunsu. Ya wajabta wanke hannu da ruwan kulorin. A watan Afrilu, kafin wannan doka, mata 18 cikin 100 suka mutu a ɗakin. A watan Yuli adadin ya sauko ƙasa da 2. Manyan likitocin zamaninsa da yawa sun ƙi yarda, domin maganar ta yi musu nauyi: a ce hannun mai magani ne ke kai ajali.

Ba sai mun je Turai ba kafin mu ga wannan darasi. A watan Janairun 1969 wata nas ta mishan mai suna Laura Wine ta kwanta ciwo a garin Lassa, cikin jihar Borno ta yanzu. Aka ɗauke ta zuwa Jos, can ta rasu. Charlotte Shaw, nas ɗin da ta yi jinyarta, tana da ɗan rauni a yatsa lokacin da take goge mata baki. Ita ma ta bi ta. Ta uku, Penny Pinneo, aka kai ta Amurka ta sha da ƙyar, kuma daga samfurin jinin waɗannan mata aka gano ƙwayar zazzaɓin Lassa. Shekara na zagayowa cutar ta ɓarke a asibitin Evangel na Jos, wanda mutanen gari ke kira Jan Kwano, ta bi marasa lafiya da ma'aikata da masu zuwa dubiya. Likitar asibitin, Jeanette Troup, ta yanke a hannu tana binciken gawa, ta rasu a watan Fabrairun 1970. Ɓera ne ke kawo Lassa gida, amma a asibiti duniya ta fara saninta, tana tsallakawa daga mutum zuwa mutum ta jini da sauran ruwan jiki.

Shekara hamsin bayan haka labarin bai canza ba. A watan Janairun 2020 Lassa ta kashe likitoci biyu na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, bayan sun yi hidimar wata mai juna biyu da aka yi wa tiyata. A watan Fabrairun 2024 ta kashe ma'aikata uku da mara lafiya guda a Asibitin Sojoji na 44 da ke Kaduna, tafiyar da ba ta fi awa ɗaya da 'yan mintoci ba daga Zariya. A farkonta Lassa kama take da maleriya ko taifot, don haka ba a iya jira sai an tabbatar kafin a yi hattara. Dole a ɗauki jini da fitsari da aman kowane mara lafiya a matsayin abin da ke iya ɗauke da cuta.

Saboda haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ware lokuta biyar da ma'aikaci zai tsaftace hannu: kafin ya taɓa mara lafiya, kafin ya yi aikin da ke bukatar tsabta kamar sa allura ko wanke ciwo, bayan ya taɓa jini ko wani ruwan jiki, bayan ya taɓa mara lafiya, da bayan ya taɓa gadonsa ko kayan da ke kewaye da shi. Safar hannu ba ta ɗauke wannan wajibi. Safar da aka taɓa mutum biyar da ita ta kare mai sanye da ita ne kawai, ta raba wa mutum biyar ɗin abin da ta kwaso.

Mai jinya da mai dubiya

Littattafan da ake koyar da wannan fanni da su galibi an rubuta su ne a ƙasashen da nas ke yi wa mara lafiya komai. A nan ba haka ba ne. A tsaya a ɗakin mata na kowane babban asibiti da asuba a ga waye ke aiki. Wata dattijuwa ta naɗe tabarmar da ta kwana a kai a gefen gadon 'yarta. Ta jawo fo daga ƙarƙashin gado ta je ta zubar, ta ɗauraye da ruwan buta. Ta dawo ta gyara zanen gado, ta ga jakar fitsari ta cika, ta ɗaga ta sama tana dubawa, sannan ta ajiye a ƙasa. Maƙwabciyar gado ba ta da kowa, ta ce, "Baba, don Allah ki taimaka ki ɗaga ni." Ta ɗaga ta, ta gyara mata filo. Sai ta buɗe fulas ta zuba kunu, ta ba 'yarta a baki. Filastar da ke kan allurar ƙarin ruwa ta ɗago, ta sa yatsa ta danne.

Babu abin da wannan uwa ta yi sai alheri, kuma in ba don irinta ba da asibitocinmu sun tsaya cik. Amma cikin rabin awa hannunta ya tashi daga fo zuwa wata mara lafiya, zuwa abinci, zuwa bakin jijiya. Jakar fitsarin da ta ɗaga sama da mara ta mayar da fitsari baya zuwa mafitsara. Ba wanda ya taɓa zaunar da ita minti biyar ya nuna mata. Ita ce ta fi kowa taɓa mara lafiyar, ta fi likita, ta fi nas, amma duk horon da ake shiryawa kan hana yaɗuwar cuta ba ya bi ta kanta.

A ganina wannan ne babban giɓin da ke tsarinmu, kuma shi ya fi sauƙin cikewa. Ranar da aka ba mutum gado, a kira mai jinyarsa a koya masa abu huɗu da Hausa: ya wanke hannu da sabulu bayan zubar da fo da kuma kafin ba da abinci, kada ya taɓa bandeji ko allurar ruwa, jakar fitsari ta zauna ƙasa da mara amma kada ta taɓa daɓe, in ya ga wurin allura ya yi ja ko ya kumbura, ko ciwo ya fara wari, ko jiki ya yi zafi, ya kira nas nan take. Mutanen da ke wanke hannu sau uku-uku a kowace alwala ba baƙin wannan tarbiyya ba ne. Abin da za a ƙara musu shi ne sabulu da sanin lokaci.

A Tukur-Tukur aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, inda su Abubakar Imam suka nuna cewa babu ilimin da Hausa ba za ta iya ɗauka ta kai wa talaka ba. Abin takaici ne a ce a garin da ya yi wannan, takardun gargaɗin da ake mannawa a bangon asibitoci galibi da Turanci suke. A rubuta su da boko da ajami, a sa hoto, a manna a inda mai jinya ke zubar da fo.

Sai dubiya. Addini ya kwaɗaitar da ita, zumunci ya wajabta ta, kuma mara lafiyar da ba a zuwa duba shi yakan karaya. Ba wanda zai ce a daina. Amma a dubi yadda muke yinta: da la'asar mota guda ta sauke mutum goma, a kewaye gado, wasu su zauna a kai, kowa ya miƙa hannu, a karɓi jariri ana yawo da shi daga cinya zuwa cinya, goyo na rarrafe a ƙasa. Idan mai gadi ya ce biyu-biyu za a shiga sai a ce wulaƙanci ne. Hana cunkoso a bakin gado kariya ce ga wanda muka zo dominsa. Mai mura ko tari ya yi gaisuwarsa ta waya. Kada a kai ƙananan yara. Jaririn da bai yi arba'in ba, musamman bakwaini, a bar shi a hannun uwarsa. Addu'ar da aka yi daga tsaye ba ta ragu da komai ba.

Ruwa, wuta da kayan aiki

Ba adalci ba ne a ɗora wa nas laifin ƙin wanke hannu a ɗakin da famfonsa ya bushe. Mutumin Zariya ya san abin da ake nufi da sayen ruwa a hannun 'yan garuwa, kuma asibiti ba a wata duniya yake ba. Rahoton haɗin gwiwa na Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF a 2022 ya nuna cewa rabin cibiyoyin lafiya na duniya ba su da cikakken tanadin wanke hannu a inda ake duba marasa lafiya da kuma a banɗaki.

Inda ruwa ya yi ƙaranci, man tsaftace hannu mai sifirit shi ne mafita. Daƙiƙa 20 zuwa 30 ya wadatar, alhali wanki da sabulu na ɗaukar 40 zuwa 60. Sashen haɗa magunguna na asibiti na iya haɗa shi da kansa bisa tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa. Malamai da dama sun yi fatawa cewa babu laifi a amfani da shi. Sharaɗinsa ɗaya: in ana ganin datti ko jini a hannu, sai ruwa da sabulu. Kuma wurinsa bakin kowane gado ne, domin kwalbar da aka kulle a ofis ba ta kare kowa.

Kayan tiyata kuwa tafasawa kaɗai ba ta kashe duk abin da ke jikinsu. Sai an wanke su tas, an sa a tukunyar turara mai matsi, zafinta ya kai digiri 121 na tsawon lokacin da aka ƙayyade. In wuta ta ɗauke a tsakiya, sai a sake daga farko. Sirinji da allura sau ɗaya ake amfani da su a jefa a akwatin da ba ya hujewa. A 1976, a asibitin mishan na Yambuku da ke Kwango, sirinji 'yan ƙalilan da ake maimaitawa ga ɗaruruwan mutane su suka watsa cutar Ebola a farkon bayyanarta. Duk mai yin allura, a babban asibiti ne ko a shagon kemis na unguwa, ya ɓare sabuwa a gaban idonka.

Abin da ba a rubuta ba

Asibiti na iya shekara yana fama da ruɓewar ɗinki bai sani ba. Matar da aka sallama rana ta huɗu, ciwonta ya fashe rana ta tara a gida, ba lalle ta koma inda aka yi mata aikin ba. Za ta je kemis a wanke, a ba ta kafso, ko ta tafi wani asibitin. A takardun asibitin farko an rubuta cewa ta tafi lafiya. Likitan da ya yi aikin bai ji ba, balle ya gyara.

Sa ido shi ne maganin wannan makanta, kuma farkonsa ba ya bukatar kwamfuta. Littafi ne da biro da mutum guda da aka ɗora wa nauyin. Kowace safiya ya zaga: mutum nawa ke da robar fitsari, kwana nawa ta yi, har yanzu ana bukatarta? Wa ya yi sabon zazzaɓi? Ɗinkin wa ya yi ja? Wanda aka sallama a kira shi a waya kafin kwana 30 su cika. Ƙarshen wata a lissafa, a zauna da ma'aikatan ɗakin a nuna musu adadinsu. Wani babban bincike da aka yi a asibitocin Amurka, aka wallafa a 1985, ya gano cewa asibitocin da ke da irin wannan tsari, da nas guda ta musamman ga kowane gado 250, sun rage cututtukan da kusan kashi 32 cikin 100.

Nijeriya ta taɓa nuna ta iya. Ranar 20 ga Yulin 2014 wani matafiyi mai suna Patrick Sawyer ya sauka Legas ɗauke da Ebola. Dakta Stella Adadevoh ta hana shi barin asibiti, ta kamu, ta rasu. Mutum 20 suka kamu, fiye da rabinsu ma'aikatan lafiya, 8 suka mutu. Abin da ya tsayar da cutar shi ne rubuta sunayen kusan mutum 900 da suka yi mu'amala da masu ita, ana bin su kullum ana auna zafin jikinsu. Ranar 20 ga Oktoba aka bayyana ƙasar ta kuɓuta. A lokacin babu bankin da za ka shiga ba a tsaftace maka hannu ba. Da tsoro ya wuce sai bokitan wanke hannu suka ɓace, haka kuma aka maimaita bayan korona. Hukumar NCDC mai yaƙi da yaɗuwar cututtuka a Nijeriya, wadda dokarta ta tabbata a 2018, tana aiki da manyan asibitoci don kafa kwamitocin hana yaɗuwar cuta. Amma kwamiti ba ya aiki sai da kasafi, da ɗakin gwaje-gwajen da zai faɗi wace ƙwaya ce kuma wane magani ke kashe ta, da shugabancin da ba ya hukunta wanda ya kawo rahoto. Nas ɗin da ta san za a ci mutuncinta in ta ce ɗinki biyar sun ruɓe a wata guda, shiru za ta yi, na shida ya biyo baya.

Mun yi imani da ƙaddara, kuma idan rai ya yi halinsa muna cewa kwana ne ya ƙare. Wannan imani shi ke riƙe zuciyar wanda aka yi wa rashi. Amma bai hana tambaya ba, bai kuma sauke nauyi daga kan wanda aka ba amanar rai ba. Mai jinya na da haƙƙin ya ce, cikin ladabi, "Sista, robar nan har yanzu ana bukatarta?" ko "Likita, ga man hannu nan." Ma'aikacin kirki ba zai ji haushi ba. Masu unguwanni da limamai da ƙungiyoyin ci gaban unguwa, waɗanda ke tara kuɗin gyaran makabarta da kwalbati, suna iya tambayar asibitin da ke kusa da su ko akwai ruwa a ɗakin haihuwa, ko akwai littafin da ake rubuta waɗanda ɗinkinsu ya ruɓe, kuma su taimaka inda aka gaza.

Akwai dalilin da ya sa wannan ya zama na gaggawa. A da, in ciwo ya ruɓe akwai allurar da za ta kashe shi. Yau ƙwayoyin da ke zaune a asibitoci sun koyi jure wa magunguna da yawa, har wani bincike da mujallar Lancet ta wallafa ya ƙiyasta cewa wannan juriya ta kashe mutum miliyan 1.27 a duniya a 2019 kaɗai. Yadda muka kai ga haka, da rawar da kafson da muke saya ba tare da takardar likita ba ya taka, shi ne zancen babi na gaba.